Shirwa, Karara da Ƙullin Shunin Inna

Talata, bayan sallar asuba: ƙirga 'yan tsaki. Uku. Na sake ƙirgawa don kada gaggawa ta ruɗe ni. Uku.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san ba a aika wa mutanen kabari takarda. Na kuma san ko da kina raye ba karanta ta za ki yi ba, miƙo mini za ki yi ki ce in karanta miki, ina karantawa kina gyara mini magana. Amma shekara ashirin ke nan ina rubuta abin da ya faru kowace rana a littafina, kuma abin da ya faru a makon jiya ya fi ƙarfin layi biyu. Tilas in gaya wa wani, ke ce kuwa mai kaya.

Maganar kazarki ce, 'Yar Durgu.

Kin tuna ranar da kika tara mu, ciwo ya riga ya ci ƙarfinki. Yayyena mata kika raba musu tasoshi da zannuwa. Da aka zo kaina, ni da nake malamin dabbobi na En'e a mashigar Jibiya, kan iyakar Ingilishi da Faransa, mai kaki da keke, sai kika nuna tsakar gida da baki, inda wata kaza mai gajerun ƙafafu take tono. Kika ce, "Tanko, irin kazar ga daga ɗakin uwata ya hito. Da kakarta aka kai ni ɗaki. Kada shi ƙare a hannunka." Na ce to. A raina kuwa na ce, mutumin da shanu ɗari suke wucewa ta gabansa kullum daga Maraɗi, yana duba bakinsu yana yi musu allura, ai kaza ɗaya ba za ta gagare shi ba.

Bara ciwon kaji ya shigo gari ya share akurkin kowa. A gidanmu 'Yar Durgu kaɗai ta tsira, ina jin don taurin kai, mutuwar ma ta gaji da ita. Ta tsufa, Inna. Surukarki Delu ta ce wannan kwancin da ta yi da kaka ƙila shi ne na ƙarshe. Ta ƙyanƙyashe tara. Na rubuta a littafi, na ja layi a ƙarƙashi.

Sai shirwa ta ji labari.

Ranar farko ta ɗauki ɗaya da hantsi. Bayan kwana biyu ta ɗauki wani. Delu ta zo ta durƙusa ta ce, "Malam, ko a yi musu dabarar Inna?" Na san abin da take nufi, shafa wa 'yan tsaki shuni a baya. Na ce, "Delu, bari mu bi abin da hankali zai ɗauka." Ta ce to, ta tashi. Ba ta sake ta da maganar ba, kuma a lokacin na ɗauka na gamsar da ita ne.

Ke kin san wannan gardamar tsohuwa ce tsakanina da ke. Hutuna na farko daga Midil na iske ki zaune da 'yan tsaki a faifai, kina shafa musu shuni da gashin kaza, hannunki baƙi-baƙi. Na tsaya a kanki da sabuwar hulata na ce wannan camfi ne, babu shi a littafi. Ba ki ko ɗago kai ba. Kika ce, "Shirwar ga ta tahi Midil ɗin ne?" Yayyena suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni kuma na ƙulla abin a zuci kusan shekara ashirin da biyar, ina jiran ranar da zan nuna miki hanyar da ta dace.

Ga hanyoyin da suka dace, kamar yadda na bi su.

Na kulle su a akurki. 'Yar Durgu ta daina ci, ta zauna tana harara ta kamar na ci amanarta, 'yan tsakin suka fara layi. Kwana uku aka sake su, shirwa ta karɓi rabonta tun kafin su gama miƙe ƙafa. Na yi gwafar danƙo na yi kwanto bayan rumbu. Ban taɓa shirwa ba, amma tulun Delu na samu daidai wuya, harbin da ko maharbi zai yi alfahari da shi. Na rataya gwangwanaye a igiya don su riƙa ƙara. Shirwa ta sauka a kan igiyar ta huta.

Daga nan na bi sawunta har na gano gidanta. Kin san gawon nan da ke hayin mashiga, wanda fatake suke sauke kaya a gindinsa? Can take da sheƙa. Na auna, taku arba'in ne cikin ƙasar Faransa. Na je wurin Isa, gardin da ke tsaron wancan ɓangaren, wanda kullum muke raba goro ni da shi ta kan iyaka. Na ce ya taimake ni a sauke sheƙar. Ya tauna goro ya daɗe, sannan ya kira ni Mushe, lakabin girma a bakin Faransawa, ya ce, "Mushe Malam, shirwar ga talakar Faransa ce. Nan ba ta yi laihi ba. In ta yi sata ƙasar Ingilishi, Ingilishi shi kama ta can. In ko itacen Kumandan kake so a hau, kawo takarda." Na ce ita wa ya ba ta takardar shigowa gidana? Ya ce, "Awo, ka tsai da ta ka tambaye ta mana."

Na dawo gida saura huɗu.

A nan ne wata maganarki ta faɗo mini. Duk sa'ad da aka kawo miki ƙarar wani, kikan ce, "Mugunta iri biyu ce, ta shirwa da ta karara. Shirwa har gida take iske ka. Karara ko, kai ka kai kanka." Na san kin faɗe ta ne don mutane. Amma ni kin san halina, in na ji magana sai na kwance ta na ga abin da ke ciki. Na buɗe littafi na raba shafi biyu, na rubuta Shirwa a dama, Karara a hagu, na zauna ina auna su kamar masu ƙara gaban alƙali.

Shirwa tana da ido, tana da fiffike, tana zaɓar wanda za ta cuta. Karara tsiro ce kawai mai yaɗo a bakin fadama, ba ido ba ƙafa, ta rataye kwasfarta mai gashi-gashi tana jira, kuma ba ta san sarki da talaka ba, duk wanda ya goge ta zai yi susa har ya manta sunan ubansa. Shirwa tana sanarwa kafin ta zo, ga kuka ga inuwa tana yawo a ƙasa. Karara ba ta cewa komai, kyau ma gare ta, kwasfar kamar karammiski. Shirwa in ta cuce ka ta ƙaru, ta tafi da nama. Karara ba ta samun ko ƙwayar gero daga wahalarka. Na daɗe a kan wannan, ina tunanin wace ce ta fi mugunta, mai cuta don yunwa ko mai cuta ba riba. Har yanzu ban yanke hukunci ba. Na dai rubuta a ƙasan shafin cewa shirwa tana kai hari amma ba ta da garkuwa, karara kuwa garkuwa ce zalla.

Da na tsaya a nan, Inna, da lafiya lau. Sai na ja layi daga dama zuwa hagu, na ce me zai hana a haɗa su? In mai zuwa har gida ta zo ta iske wadda ake kai kai wurinta tana jiranta a gidan, ai magana ta ƙare. Na ji daɗin wannan tunani har na tashi na zaga tsakar gida sau biyu.

Ranar Laraba da la'asar na hau keke zuwa fadamar Magama. Kada ki ce ban yi hattara ba. Na sa tsofaffin safa biyu a kowane hannu, na naɗe fuska da rawani, na tsaya ta inda iska take fitowa, na yanko busasshiyar karara da almakashi, kwasfa talatin da ɗaya, na zuba a buhu na ɗaure. Ko tsinke bai taɓa ni ba. Wani manomi da ya gan ni ya ajiye lauje ya ce, "Malam, wa ya ɓata maka rai haka?" Na ce aikin ilmi ne. Ya ce Allah Ya kyauta.

Da na iso gida Delu ta leƙa buhun daga nesa, ta ɗauki turminta da tabarya ta kai gidan maƙwabta. Ta dawo ta kwashe shanya. Ta dawo ta ɗauki tukunyar miya.

Alhamis da sassafe na kafa 'yar rumfa ta kara a inda 'yan tsakin suke kiwo, na bar ƙofa a sama daidai faɗin shirwa, na jera kwasfar karara kewaye da ita. Lissafina shi ne, za ta kutso ta nan, ta gogi kwasfa, ta koma Faransa tana susa, ba ta ƙara marmarin Jibiya. Na sa kakina saboda Baturen dabbobi zai zo rangadi da ƙarfe tara. Na shimfiɗa buzu dab da rumfar, na ajiye agogo da littafi da fensir don in rubuta sakamako daidai lokacin da ya faru.

Abu biyu ne ban sa a shafin nan nawa ba. Na ɗaya, shirwa gashi ne da ita tun daga kai har gwiwa, ƙafarta kuwa kamar ƙaho, babu inda ƙaiƙayi zai kama. Ni malamin dabbobi ne, Inna. Na biyu, fiffike fifita yake yi.

Ƙarfe takwas saura kwata ta zo. Ta shiga ta ƙofar da na buɗe mata kamar an aika mata da goron gayyata, ta ɗauki ɗan tsaki ɗaya, ta buga fiffike sau uku don ta tashi. Na ga wani abu kamar hayaƙi mai ruwan zinariya ya taso daga rumfar, rana ta haska shi, ya nufo ni a hankali. Har na fara rubuta cewa abin yana da ban sha'awa.

Karara wadda tun da Allah Ya halicce ta ba ta taɓa zuwa gidan kowa ba, ni ne na ɗauko ta a keke, na kuma samo mata fiffike.

Ta shiga wuyan riga, ta shiga hammata, ta shiga wuraren da ba zan rubuta wa mahaifiyata ba. Na ruga bayan ɗaki na kwara ruwa, ruwan ya raba ta ko'ina da adalci. Delu daga ƙofar maƙwabta tana cewa, "Sannu Malam! Malam sannu! A kawo littafin?" Lokaci ya ƙure, na mai da kakin nan a jiki, na hau keke. Mutanen da suka gan ni a hanya sun ce ba su taɓa ganin keke yana tafiya a karkace haka ba.

Na iske Bature ya riga ya iso, ga garken shanu an tsayar, ga makiyaya sun rataya sanduna a kafaɗa, ga motocin gyaɗa biyu daga Maraɗi suna jiran hanya. Na ƙame na gaishe shi. Ya tambaye ni shanu nawa aka yi wa allura a watan nan. Na buɗe baki in ba da amsa, kafaɗata ta dama ta tashi da kanta ta taɓa kunne. Na danne ta, ta hagu ta tashi. Na goga ƙafa da ƙafa. Na matsa baya a hankali har na samu turken da ake ɗaure shanu, na jingina da shi kamar mai tunani, na fara hawa da sauka. Baturen nan Hausarsa ta littafi ce, a hankali yake jera ta. Ya dube ni, ya kira ni da sunana na ofis, ya ce, "Malam Umaru, shin yau ranar rawa ce?"

Makiyaya suka ja malafa suka rufe fuska. Kafaɗunsu ne kawai suke motsi.

Daga hayin iyaka na ji muryar Isa. "Karara ce! Wallahi karara ce! Mushe, tuɓe rigar! Kashin shanu, ɗanye, maza!" Kuma Inna, mutumin nan da ya hana ni taku arba'in sai da takarda, sai ga shi ya tsallako ƙasar Ingilishi a guje ba ko ƙyallen takarda, ya ja ni bayan garke, ya cika hannu biyu da abin da saniya ta ajiye yanzu-yanzu, ya yaɓe ni da shi tun daga wuya har ƙugu kamar mai yaɓen rumbu. Yana yi yana cewa, "Shanu ɗari kake ma allura, kaza guda ta kai ka ƙasa." Sanyin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Na tsaya a rana ina bushewa, ƙudaje suna zuwa gaisuwa.

Bature ya zagayo ya tsaya ta inda iska ba za ta kai masa ba. Ya tambayi sunan tsiron, ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashi. Ashe shi ma irina ne. Na ji tausayinsa.

Da na koma gida na wanke, na zauna a bakin ƙofa jikina duk rauni-rauni na susa. 'Yar Durgu ta wuce ta gabana da 'ya'ya uku. Ko kallona ba ta yi ba. Na daɗe ina dubansu. Uku ne tsakanina da saɓa miki alkawari, kuma a yadda shirwa take aiki, mako ɗaya ya ishe ta. Na kira Delu. Na ce, "Delu, dabarar nan ta Inna, yaya ake yin ta?"

Ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati. Ta fito da wani ɗan ƙulli. Tun kafin ta kwance na gane ƙyallen, gefen tsohon zanenki ne mai ratsin fari, wanda kike ɗaurawa in za ki daka. A ciki curin shuni ne kamar ƙwan zabo.

Ta ce kwana uku kafin ki rasu kika ba ta shi. Ta faɗa mini maganarki kamar yadda kika faɗe ta, har da muryar: "Ranar da shirwa ta zo, ki hwaɗa mishi sau guda. Ba shi yarda. Kada ki sake hwaɗi. Ki bar shi shi gama karatunshi, in ya gaji da kanshi zai tambaya. Sannan ki ba shi wannan. Kuma kada ki yi mishi dariya, yaron kirki ne."

Delu ta ce na farkon duk ta cika. Na ƙarshen ne ya gagare ta, tana neman gafararki.

Inna, shekarata arba'in da ɗaya. Na riƙe ƙullin nan na rasa inda zan sa fuskata. Ke kina kwance numfashi yana yi miki wuya, amma kin hango ni zaune a buzu da agogo da fensir, kin kuma tanadar mini mafita tun shekara biyu kafin in shiga ramin.

Ranar Juma'a da hantsi muka yi. Delu ta jiƙa shunin a kasko, ta ce ba a tsoma su, sanyi zai kama su, da gashin kaza ake shafawa a baya da ka. Ta ce kuma a yi a gaban uwar, a ɗan taɓa mata ita ma a fiffike, in ba haka ba za ta ƙi su. Wannan ma ke kika koya mata, kuma na duba, babu shi a littafi. Ni na riƙe su ɗaya bayan ɗaya, zuciyarsu tana bugawa a tafina. Muka sake su a rana, shuɗi-shuɗi kamar an tsamo su daga marina. 'Yar Durgu ta zaga su sau biyu tana karkata kai, suka yi kuka, ta gane murya, ta ja su suka tafi tono.

Shirwa ta zo a kan lokacinta. Ta yi shawagi, ta sauko ƙasa-ƙasa, ta sake hawa. Na rantse miki na ga ta karkata kai ita ma. Ta san fari, ta san rawaya, ta san wake-wake. Wannan abin shuɗi mai gudu ba ta san ko mene ne ba, kuma da alama ta fi ni hankali, abin da ba ta sani ba ba ta kai masa hannu. Ta juya ta nufi gawonta. Yau kwana huɗu, uku suna nan uku.

Ba zan ce an tabbatar ba. Kwana huɗu kaɗan ne, mai yiwuwa ta ƙoshi ne a wani gida, mai yiwuwa gobe ta gane. Haka na rubuta a littafi. Amma hannuna ya yi baƙi-baƙi har gindin farce, sabulu ya ƙi fitar da shi, kuma jiya da na ɗaga shi zan yi alwala na ga hannunki ne sak. Na tsaya da buta ban san iya lokacin ba.

Na koma kan shafin nan mai gida biyu na ƙara layi ɗaya. Shirwa 'ya'ya ne da ita a gawo suna buɗe baki, don su take sata. Karara 'ya'yanta ne a cikin kwasfa, don su take ƙaiƙayi. Duk su biyun uwaye ne, kowace tana tsaron nata da abin da Allah Ya ba ta. A cikinmu uku ni kaɗai ne ba ni da hujja. Ke kuwa na rasa gidan da zan sa ki. Ba ki taɓa zuwa gidan kowa da faɗa ba, amma duk wanda ya taɓa ɗanki sai ya kwana yana susa. Kuma idonki daga nesa yake gani, har ya wuce kabari.

Ki yafe mini maganar da na yi miki da sabuwar hula a kaina. Na daɗe da sanin ban kyauta ba, girman kai ne ya sa na jira sai kaza ta tilasta ni.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya yalwata makwancinki, Ya sanyaya shi fiye da yadda aka sanyaya mini baya ranar Alhamis. Ya saka miki da haƙurin da kika yi da ɗan da ya fi ki karatu bai kai ki sani ba. Ya raya mana ukun nan, Ya sa a samu mace a ciki. Amin.

Ni ne ɗanki mai jin magana a makare,
Tanko, wanda a ofis ake kira Malam Umaru.

Ayyukan gobe Laraba, in Allah Ya kai mu:
Ƙirga 'yan tsaki.
Ƙone buhun karara, a tsaya ta bayan iska.
Nemo wa Delu sabon tulu.
Kai wa Isa goro, a roƙe shi ya daina ba direbobi labarin.
Ƙara musu shuni, na bayan ƙaramin ya fara koɗewa.
Tambayar Delu ko akwai sauran ƙullin da Inna ta bari.